Farar Laffaya a Taga

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya fitar da mu daga inda ba mu zaci fita ba.

Da hantsi muka sauka Kartum, ni da maigidana Malam, wanda ya samu gurbin ƙaro karatu a can. Ni aure ne ya kai ni. Iyakata da boko sakandare, iyakata da tafiya kuwa Bauchi, sai ga ni a garin da ko kuɗin tumatir ban iya tambaya ba.

Tun muna Gombe dillali ya turo wa Malam hoton gida a waya: gidan ƙasa mai tsakar gida, har da bishiyar lemo. Da muka iso sai ya hau da mu bene, hawa na biyu, ya buɗe mana ciki da falo, ya ce wancan gidan an riga mu. Malam ya yi ta zuba masa Larabcinsa na littafi, shi kuwa yana murmushi yana kaɗa makulli a yatsa, don kuɗin haya ya riga ya shiga hannunsa. Haka muka shimfiɗa tabarma.

Taga ce ta fara takura mini a gidan nan. A gidanmu na Pantami ban taɓa tunanin taga ba. Katanga ta rufe ki, sama kuma a buɗe take, ki cire ɗankwali ki baje gashi rana na dukan bayanki, ba idon da ya gan ki sai na kaji. A nan kuwa taga ɗaya ce babba a falo, tana kallon titi, da ƙyamaren katako. In na rufe, ɗakin ya zama cikin rumbu, sai na kunna fitila da azahar. In na buɗe, ga dogon bene yana fuskantarmu, ga rumfar wata mai shayi a ƙasa, maza zaune kan 'yan gajerun kujeru tun safe, da an motsa ƙyaure sai su ɗago kai.

Malam ya ce a rufe.

Na ce, "Malam, ko wake ka shuka ka kife shi da kwano, fari zai fito."

Ya ce, "Ke dai ba wake ba ce. Yi haƙuri mu je kasuwa ran Juma'a."

A kasuwa muka zaɓi labule ruwan madara mai ƙananan furanni. Mai shagon ya shiga ciki ya naɗe mana a leda, har da ba mu ruwan sanyi. Da muka kwance a gida sai ga wani jibgegen yadi ruwan ƙasa, kamar bargon da ake shimfiɗa wa jaki, kuma bai ma kai ƙasan tagar ba. Muka koma, mutumin ya rantse da Allah bai taɓa ganin fuskarmu ba. Na yi kuka a mota. Ba labulen ya sa ni kuka ba sosai, mahaifiyata Dada na tuna, da yadda za ta tsaya a bakin shagon nan da hannu a ƙugu har sai an rufe kasuwa.

Wata safiya ina faɗa da tukunyar da ta kama, da Hausa, sai na ji an ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ce ƙarama, baƙa, da tsage a kumatu.

Ta ce, "Yarinya, bakin kakata nake ji a ɗakin nan."

Sunanta Hajja Sa'adiyya, ƙofarta na kallon tawa. Kakarta ta taso daga ƙasar Katagum da ƙafa za ta Makka, tafiya ta ƙare mata a nan. Hausar Hajja tsohuwa ce, mai gaɓoɓin Larabci, kuɗi ma wuri take ce musu. Ungozoma ce da, kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta shigo ta dubi duhun ɗakin, ta taɓa labulena da yatsa biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Hajja."

"To me ya sa kika binne kanki?"

Ta fita ta dawo da farar laffaya ta auduga, shara-shara, wadda wanki ya lausasa. Ta sa ni na hau kujera na ɗaure ta a taga da igiyar shanya, sannan ta tura ƙyamaren. Haske ya cika ɗakin, mai laushi, har na ga ƙurar da na daɗe ban gani ba a kan rediyo. Ina ganin titi ta cikin yadin, ina ganin mai shayi tana fifita gawayi. Hajja ta ce in sauka in duba daga ƙasa. Na sa hijabi na sauka, na ɗaga kai: fari fat kawai, ko inuwarta ban gani ba.

Ta ce, "Da rana wanda ke cikin duhu yana ganin na haske, na haske ba ya ganinsa. Amma da an yi magariba kin kunna fitila, abin ya juye, ke ce a faranti. Lokacin nan ki ja bargon jakinki a kai."

Haka na yi ta yi, fari da rana, ruwan ƙasa da yamma. Malam ya sauka titi ya duba da kansa har sau biyu kafin ya yarda. A bayan farin yadin nan na yi laulayin cikina. A nan na san mai shayi ba tare da ta san ni ba: na san wanda take ba bashi, na san tana ɓoye kuɗinta a gwangwanin citta, na san tana sallar azahar a zaune bayan buhun gawayi.

Shirinmu shi ne in dawo Gombe bayan ƙaramar Sallah in haihu a gaban Dada, tunda na fari ne. Cikin azumin nan yaƙi ya tashi.

Da safe ne. Na ɗauka tayar mota ce ta fashe, sai wata ta bi, sai ƙasa ta girgiza har kofuna suka zubo. Na leƙa ta cikin laffaya. Mai shayi, da yake ba ciniki da rana a azumi, ta fito ne tana share wurinta. Wata mota buɗaɗɗiya ta shigo titin a guje da ƙatuwar bindiga a bayanta, ana harbi ba a duba inda ake harba. Na ga matar nan ta zauna daɓas kamar wadda ta gaji. Tsintsiya na hannunta. Sannan ta kife, jini ya bi ƙasa ya shiga ƙarƙashin kujerun. Ta wuni a nan, ta kwana a nan, ba wanda ya iya fita ya ɗauke ta. Karnuka suka fara zuwa. Malam ya rufe ƙyamare, ya jingina katifa a taga, muka koma duhu.

A cikin duhun nan naƙuda ta zo mini, kafin lokacinta. A kan tabarmar falo na haihu, Hajja na durƙushe da gwiwarta mai ciwo, Malam na riƙe da fitilar waya ya juya fuska bango yana karanta abin da ya sawwaƙa. Namiji ne, ɗan ƙarami. Babu wuta, famfo ya ɗauke. Ruwan wankan jegona buta ɗaya ce Hajja ta dafa, ta tsoma tsumma tana danna mini.

Ba mu ga abin da ke damun yaron da wuri ba, saboda ba haske. Sai da Hajja ta fita da shi bakin matakala, inda rana ke ɗan shigowa ta wata kafa, ta danna masa goshi da yatsa, ta buɗe idonsa. Ta kira ni. Farin idon ya koma ruwan ƙwai, jikinsa ma haka. Ga shi ba ya kama nono, sai barci.

Da sauran caji kaɗan a wayar Malam. Na kira Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu a Pantami, 'yar Kaltungo, wadda ke aikin jinya a ɗakin jarirai. Tun ina 'yar firamare take kirana ƙanwarta.

Ta ce, "Ciwon shawara ne. Ku kai shi asibiti yanzu, a sa shi a ƙarƙashin fitila."

Na ce, "Adda Rifkatu, babu asibiti. Babu titi ma."

Sannan ta ce, "To saurara, Ma'u. Ki tashe shi ki ba shi nono ko da matsawa ne a baki, kada ki bar shi ya yi ta barci. Ki tuɓe shi ki ajiye shi inda hasken safe ke shigowa, amma ba cikin zafin rana kai tsaye ba, ki sa wani abu mara kauri a tsakani. Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan bai kai fitilar asibiti ba. In abin ya hau kansa, ko ya tafi da shi, ko ya tafi da jinsa. Muna yi muku addu'a a coci, Dadarki ma ba ta sauka daga darduma."

Haske kenan ake nema, tagar kuma ita ce wurin da ake kashe mutane.

Masu bindiga sun riga sun mamaye dogon benen da ke fuskantarmu. Maƙwabcinmu na sama, wani mai sayar da magani, ya ɗan buɗe ƙyaurensa ya saka waya zai ɗauki hoto. Harbi ɗaya suka yi masa a maƙogwaro. Muna jin matarsa tana jan gawarsa a kan siminti, tana kiran sunansa, ihun da har yau in na rufe ido nake ji. Bayan haka suka bi titi suna shelar duk tagar da ke rufe a buɗe ta, don suna zargin akwai maharban ɗaya ɓangaren a ciki. Gidan da ke gefenmu ba su buɗe ba, aka yi wa ƙyamarensu ruwan harsashi har suka zube. Gidan kusurwa kuwa sun buɗe, aka hango 'yarsu budurwa tana wucewa da bokiti. Da la'asar suka shiga suka fito da ita, ubanta na biye yana roƙo, suka fasa masa kai da gindin bindiga a bakin ƙofa.

Malam ya ce zai fita ya nemo ruwa, ya kuma ji ko gaskiya ne ana shirin kwashe 'yan Najeriya. Na riƙe masa riga.

Ya ce, "In na zauna, ƙishi zai kashe mu mu huɗu. In na fita, ni kaɗai ne."

Ya ɗauki jarka ya sauka. Rana ta faɗi bai dawo ba.

Da gari ya waye na dubi yaron, ruwan ƙwan ya sauka har cikinsa. Na yi alwala da 'yar ragowar ruwa, na ja jiki da gwiwa zuwa taga. Na janye katifar. Laffayar tana nan ɗaure inda take. Daga ƙasa na sa sandar tsintsiya na tura ƙyamaren ɗaya bayan ɗaya, ina jiran harsashi. Ba a harba ba. Taga a buɗe take kamar yadda suka ce, amma farin yadi ne kawai suke gani. Na tuɓe yaron, na ɗaure masa ido da ɗan tsumma, na kwantar da shi kan matashi inda hasken ya sauka. Ni kuma na kwanta a ƙasan tagar, jikina manne da bango, hannuna ɗaya a kan ƙafarsa.

Hajja ta shigo ta gan mu. Ta ce, "Haka kakata za ta yi. Ita ma ba ta da hankali."

Mun yi safiya biyu ko uku a haka, ban riƙe lissafi ba. Sau ɗaya iska ta kaɗa yadin, wani ya harba. Harsashin ya huda laffayar ya shige bango, ƙasa ta zubo a kan cikin yaron. Na share masa da hijabina. Bai farka ba. Ko zabura bai yi ba. Wannan ya fi harsashin tsorata ni.

Sai ranar da muka ji takalma a matakala.

Hajja ba ta yi shawara da ni ba. Ta fizgo laffayar daga taga, igiya ta tsinke. Ta cire mini 'yan kunne da ƙarfi har ɗaya ya tsaga mini fata, ta jefa su cikin tukunya. Ta naɗe ni da farin yadin tun daga kai har ƙafa, ta zaunar da ni a ƙasa a kusurwa. A can ƙasar, farin yadi mara ado shi ne tufar mai takaba.

Ta ce, "Mijinki ya mutu. Kada ki yi magana."

Suka banke ƙofa. Su huɗu ne ko biyar, da warin gumi da fetur. Ina ganinsu ta cikin yadin, su ba sa ganina, kamar dai yadda nake kallon titi. Ɗaya ya nufo ni. Hajja ta sha gabansa tana zuba Larabci da ƙarfi. Abin da na tsinta shi ne: an kashe mijinta, tana takaba, tana kuma jinin biƙi, duk namijin da ya buɗe fuskarta ya ɗauki abin da ya ɗauka. Ya kai mata gindin bindiga a baki. Na ji ƙarar haƙori. Ta faɗi, ta dafa bango ta miƙe, ta sake tsayawa a gabana jini na zuba a ƙirjinta.

Wani ya je kan yaron, ya sa bakin bindiga ya juya shi kamar mai duba kifi a kasuwa. Ya ɗaga bindigar ya harba sama, siminti ya zubo. Kunnuwana suka toshe. Yaron bai motsa ba. Mutumin ya yi dariya ya ce wannan ai ya riga ya bi ubansa. Na ciji yadin da ke bakina har na ji haƙorana sun haɗu.

Babban cikinsu, mai furfura a gemu, shi ya tsaya yana kallona. Ya daɗe. Sannan ya ce da su haramun ne, su fita. Suka kwashi buhun shinkafa da rediyo da akwatin Malam suka sauka.

Ban cire farin yadin ba ranar nan, sai da safe da zan mayar da shi taga. Abin da ke cina shi ne ban sani ba ko ƙarya Hajja ta yi, ko gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Na yi ta istigfari. Da rana ta ɗaga na sauke shi daga taga na sake yafawa, don kada su dawo.

A haka Malam ya same ni. Ya shigo yana bin bango, ba jarka, ba takalmi, fuskarsa a kumbure har ido ɗaya ya rufe. A wani shinge suka tsare shi, suka ce ɗan leƙen asiri ne tunda baƙo ne. Sun taka masa yatsun hannun dama da takalmi har suka karye, sun sa shi ya yi ta jidar gawarwaki zuwa rami, sannan wani ya ji yana karatun Alƙur'ani ya sake shi. Ya tsaya ya dube ni cikin fari, ya dubi bakin Hajja.

Ya ce, "Har kin fara? Ai kya bari a ga gawa tukuna."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Hajja ta ce da tsumma danne a bakinta, "Ka zo a makare, na riga na yi mata miji."

Shi ya kawo labarin motocin da za su kwashi ɗalibai zuwa iyakar Masar. Muka roƙi Hajja ta bi mu. Ta ce kakarta ta yi tafiyar da ta ishi zuriyarsu duka. Ta ninke laffayar ta tura mini a jaka, ta ce in na bi ta Katagum in gaishe su, ko da ba wanda ya san ta.

Da ƙafa muka kai wurin motocin, muna tsallake abin da ba zan rubuta ba. Motar tana da labulaye masu kauri, direba ya ce kowa ya ja nasa. A kowane shinge kuma sai a daki gilashi da bindiga a ce a buɗe. A wani shingen suka sauko da wani saurayi saboda sun ga hoton soja a wayarsa, yayansa ne. Suka durƙusar da shi a gefen titi suka harbe shi a cinya, sannan suka ce mu ɗauke shi. Duk yaran motar suka ɗauki kuka da ƙarar harbin. Nawa yana kan cinyata, idonsa biyu, yana kallon sama.

A tsakiyar hamada direba ya kashe mota, ya ce ba a cika masa kuɗinsa ba, ba inda za shi. Muka wuni a nan. Rana ta mayar da motar tanderu. Na zuge labulen mai kauri, na ninka laffayar biyu na maƙale ta a gilashi, na buɗe wa yaron ƙirji. Nonona ya fara ƙafewa. Wata mata Ibo, 'yar kasuwa, da ke kujerar bayana, ta miƙo mini gorar ruwanta ta ƙarshe. Na ce ta bar wa kanta. Da 'yar Hausarta ta ce, "Sha. Ba kai nake ba, ɗan nake ba."

A bakin iyaka muka yi kwanaki a fili, ba rumfa, ba ban ɗaki. Ni da na yi wata da watanni ina neman haske, a nan inuwa ta zama abin roƙo. Ɗalibai mata suka riƙa kewaye ni da zannuwansu in zan gyara jikina, suna juya baya suna hira kamar ba komai. Wata safiya a filin nan na buɗe idon yaron na ga fari ya fara dawowa. Ya kama nono da ƙarfi har na ji zafi. Na yi sujada a kan yashi.

Da muka iso Gombe, Dada ta karɓe shi, ta sa aka ɗora ruwan wanka, ta fara mini jego daga farko kamar jiya na haihu. Adda Rifkatu ta zo da kayan aikinta ba ta ko je gida ba. Ta duba shi ta ce shawara ta sauka, saura a kai shi a gwada jinsa.

Na ce, "Sai na yi arba'in."

Na yi arba'in, na ce sai zafi ya ragu. Gaskiya tsoron amsar nake. Na hana kowa tafa hannu kusa da shi. Ni kaina kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai na tsinci kaina a ƙarƙashin gado, don haka gidan Dada gaba ɗaya ya koma raɗa, har turmi aka mayar maƙwabta. Yaron yana girma, yana murmushi in ya ga fuska, ba wanda ya san ko yana ji. Lambar Hajja kuwa na yi ta kira har na haddace saƙon da ke cewa ba ta shiga.

Daga baya Malam ya samu koyarwa, da hannun hagu yake rubutu a allo, muka kama haya a Federal Low-Cost. Tagogin gidan manya ne, suna kallon titi, keke na wucewa. Ya ce, "Wannan karon ke za ki zaɓa. Ni na gama zaɓen labule a rayuwata."

Ya kawo wani tela daga Tudun Wada, Malam Bello, mai yawan zance, da jakar yankakkun yadi. Na ce masa ninki biyu nake so a kowace taga, mara kauri na rana, mai kauri na dare, kowanne da ƙarfensa.

Ya ce, "Hajiya ta san aiki. Mara kaurin fari ko? Shi ake yayi."

"Ban da fari."

"To ga ruwan ƙwai, yana haska ɗaki."

"Ban da shi."

"Mai kaurin fa? Ga ruwan ƙasa, ba ya nuna datti."

Malam ya ce, "Wannan ni ma ban yarda ba."

Malam Bello ya dube mu ya ce, "To ku faɗa mini launin da bai yi muku laifi ba, in huta."

Muka tsaya a shuɗi, mai haske da mai duhu.

Ranar da ya zo ɗaurawa, yaron na barci kan katifa a falo, ni ina bakin ƙofar kicin da hijabi, Malam na riƙe masa tsani da hannun hagu. Malam Bello yana sama yana ba da labarin wata mata da ta sa shi sauya labule saboda maƙwabciyarta ta yi irinsa, sai ƙarfen ya kuɓuce masa. Ya faɗo kan tayil da wata irin ƙara. Ban san lokacin da na zube ƙasa na rufe kai da hannu ba.

Ina kwance a nan na ji kuka. Yaron ne. Ya zabura daga barci, hannuwansa a sama, yana tsala kuka har fuskarsa ta yi ja.

Malam Bello ya sauko yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, wallahi zufa ce a hannuna, na tayar muku da yaro."

Ban tashi na ɗauke shi ba. Na dubi Malam, shi ma ni yake kallo. Muka bari har kukan ya lafa, yaron ya koma ajiyar zuciya yana kallon silin.

Na ce, "Malam Bello, ɗauki ƙarfen nan ka koma ta bayansa, inda ba zai gan ka ba."

"In yi me, Hajiya?"

"Ka sake yar da shi."

Ya dubi Malam, Malam ya ɗaga masa kai. Ya zagaya ya saki ƙarfen. Wannan karon na toshe bakina, ban toshe kunnena ba. Yaron ya zabura, ya murɗa wuyansa yana neman inda ƙarar ta fito, sannan ya buɗe baki ya sake sabon kuka.